Wai tsiron Ɗan Gangare ba ya mutuwa

Ɗan Gangare: Assalamu alaikum mutanen zaure. Ina so a duba min wani abu kafin in yi nisa, don na kai babi na shida, kuma duk labarin a kan tsiro ɗaya ya rataya. Ƙasar da na ƙirƙira sunanta Doron Toka. Tudu ne mai tsawo, duk duwatsu, sanyinsa ya fi na Jos a watan Janairu, ruwan sama kuma sai shekara bakwai-bakwai. Mutanen farko sun yi ta haƙar wani baƙin ƙarfe har ƙasar ta mutu, ko ciyawa ba ta fitarwa. Abu ɗaya ya rage da rai, tsiron da na sa wa suna sarmada. Ga yadda na rubuta:

"Sarmada ba ta wuce gwiwa ba. Launinta na toka, ganyenta kamar fatar guza. Wuta ba ta cin ta, gatari ba ya kama ta, fari ba ya tanƙwara ta. Tana nan tun kafin a haifi sarakuna, tana nan bayan an manta sunayensu. Sarmada ba ta mutuwa."

A faɗa min gaskiya don Allah, kada a ji kunyata.

Kwandasta: Wa alaikumus salam. Wannan ai ba tsiro ba ne, tsohuwar Peugeot ɗin kawuna ce. Ita ma wuta ta gwada, rami ya gwada, har yau tana ɗaukar kabeji zuwa Farin Gada.

'Yar Rikkos: Ni dai ya burge ni. Wannan "bayan an manta sunayensu" ɗin har tsikar jikina ta tashi. Ka ci gaba Yaya, kada ka kula Kwandasta.

Malamin Daji: Ɗana, rubutun ya yi daɗi a baki. Amma na yi shekaru ina koyar da sha'anin itatuwa, dole in tambaye ka: sarmadar nan tana haihuwa?

In tana haihuwa kuma ba abin da ke kashe ta, to ba Doron Toka kaɗai ba, duniyar taka gaba ɗaya ta zama sarmada tun kafin babi na ɗaya. Je ka fadamar Haɗejiya da Nguru ka ga abin da kacala ta yi. Ita fa ana yanke ta, ana ƙone ta, tana mutuwa, amma duk da haka ta toshe hanyoyin ruwa ta kori manoma da masunta daga wurare da yawa. To ina ga wadda gatari ba ya kamawa? In kuma ba ta haihuwa, ba ta girma, ba ta mutuwa, to dutse ka rubuta ka sa masa ganye.

Ɗan Gangare: Baba, wallahi ban yi tunanin haihuwarta ba ko sau ɗaya.

Malamin Daji: To zauna. Duk tsiron da ka ga ya jure wahala, akwai abin da ya biya. Ba a samun juriya kyauta. Dubi ƙerana da 'yan'uwanmu Birom ke kewaye gidaje da gonaki da ita, in ka bi hanyar Vom ko Riyom za ka gan ta jere kamar katanga. Ta haƙura da ganye kusan gaba ɗaya, ta mayar da jikinta tulu. Sauran tsirrai da rana suke buɗe ƙananan ƙofofin da suke shaƙar iska da su, ruwa yana ta tsiyayewa ta nan. Irin su ƙerana sai dare ya yi, gari ya yi sanyi, sannan su buɗe, su adana iskar zuwa safe. Ruwa ya tsira, amma abincin da take haɗawa kaɗan ne, shi ya sa masara za ta yi a wata uku abin da ita sai ta shekara da shekaru ba ta yi ba. Gawo kuma wata hanya ya bi: ya tura saiwa can ƙasa, ya zubar da ganye da damina lokacin da kowa ke kore, ya fitar da shi da rani lokacin da babu mai yi masa gasa. Kowanne da cinikin da ya ƙulla. Mene ne cinikin sarmada?

Maman Tagwaye: Malam ka tuna min da gida. A Bukur na tashi, kuma bayan gidanmu akwai shingen ƙerana na wata maƙwabciyarmu. Wata rana yayana ya sare reshe ɗaya da adda don wasa, ya cilla shi kan wani falalen dutse. Tun kaka reshen nan yake kwance a rana, hunturu ya zo ya wuce, bazara ta yi, ya ɗan yamutse kawai kamar fatar tsohuwa. Da aka yi ruwan farko iska ta gangaro da shi gindin dutsen, kafin mu ankara ya kafa saiwa ya miƙe.

Amma ranar da ya sare shi ɗin ai shi ma ya biya. Farin ruwan nan mai kama da nono ya fantsama masa a ido. Ban taɓa jin ihu irin na ranar ba. Inna ta danne shi tsakanin gwiwoyinta tana ta kwarara masa ruwa daga buta, buta ta ƙare a ciko wata, idon ya kumbura ya yi jawur, kwana uku bai buɗe shi ba. Har ya girma in ya ga ƙerana sai ya ratse. Don haka Ɗan Gangare, tsiro mai taurin rai ba ya rasa mugunta. Taka ba ta da ƙaya, ba ta da dafi, ba ta da ɗaci. Salaha ce kawai da ba ta mutuwa.

'Yar Rikkos: Ku yi haƙuri iyayena, ni ban yarda ba. Almara fa yake rubutawa, ba littafin aikin gona ba. Da muna yara ana ce mana Gizo ya hau doki ya je fada ya auri 'yar sarki, wa ya taɓa tambayar yadda gizo-gizo ya riƙe linzami? In ya ce ba ta mutuwa, ba ta mutuwa, duniyarsa ce. In muka bi ta taku sai mun kashe duk wani abin mamaki da tambaya.

Mai Unguwa: A ci gaba, amma a sassauta. Kwandasta, na goge hoton motar.

Malamin Daji: 'Yata, ban ce ya bi dokar duniyarmu ba. Cewa na yi ya kafa tasa ya bi ta. Tatsuniyar da kika kawo ma ai da doka. Gizo yana da wayo amma kwaɗayi ke kayar da shi kullum, in babu kwaɗayin babu labari. Dodo ya fi kowa ƙarfi amma ko yaushe akwai lagonsa da ƙaramin yaro ko auta ke ganowa. Kin taɓa jin tatsuniyar da aka ce ga Dodo nan, ba a iya masa, ƙurunƙus? Yara sai su tashi su bar ki.

'Yar Rikkos: Wannan na karɓa. Amma ina nan da sauran magana, zan dawo, wayata saura kashi huɗu kuma an ɗauke wuta tun la'asar.

Alaramma: Salamu alaikum. Ni ba marubuci ba ne, karatu nake yi in ji daɗi. Abin da ya tsaya min shi ne jimlar ƙarshe tare da sunan. Sarmada daga Larabci ka ɗauko, ma'anarsa abin da ba ya gushewa, kuma kowa ya san wannan siffa ba ta halitta ba ce. Ban ce ka yi laifi ba, ƙirƙira ce. Amma masu karatunka mutanenmu ne, wani zai tsaya a nan ya bar labarin ya kama wa'azi. Me zai hana ka cire maganar daga bakinka ka sa ta a bakin mutanen ƙasar? "Mutanen Doron Toka suna cewa sarmada ba ta mutuwa." Ka ga yanzu zance ne na mutane, ana iya gaskata su, ana iya ƙaryata su.

Ɗan Gangare: Allah ya gafarta Malam, wannan gyaran ya fi ƙarfin abin da na roƙa. Kalma biyar ka ƙara amma sai na ji kamar an buɗe min taga. In suna cewa ne kawai, to akwai wanda ya taɓa ganin gawarta ya yi shiru ke nan.

Maman Tagwaye: Ni kuwa akwai wani abu da kakata ta zo da shi daga aikin hajji, busasshen tsiro a dunƙule kamar hannun da aka damƙe. Larabawa na ce masa kaffu Maryam. Yana cikin adakarta shekara da shekaru. In ta sa shi a kwanon ruwa sai ka ga yatsun suna warwarewa a hankali har ya baje, in an cire ya bushe ya sake dunƙulewa. Mu dai a wurinmu ya mutu ya taso ne. Ba irin wannan kake nema ba?

Malamin Daji: Hajiya, wannan na kakarki gawa ce. Ya riga ya mutu tun a saharar. Busasshen icen ne ke shan ruwa ya kumbura ya buɗe, kamar yadda ƙofar katako ke cijewa da damina. Hikimar ita ce 'ya'yansa na cikin dunƙulen, ba ya sakin su sai ruwa ya sauka, kuma ba ya sakin su duka lokaci ɗaya. Uwa ta mutu amma tana gadin 'ya'ya.

Akwai kuma masu farfaɗowa na gaskiya. A kudancin Afirka akwai wani ɗan guntun tsiro da ke fitowa a tsagar duwatsu, ya bushe ƙayau wata da watanni har ka murje ganyen ya zama gari, in ruwa ya taɓa shi cikin yini guda ya koma kore. Abin da ya biya shi ne girma: yawancin rayuwarsa a sume yake, shi ya sa ba ya zama bishiya. A Namibiya kuma akwai wanda ganye biyu tak yake yi duk rayuwarsa, su yi ta tsawo iska na yayyaga bakinsu, kuma yana haura shekara 1000. Ka ga Allah ya riga ka ƙirƙira, ɗana. Naka kawai ka zaɓa ka haɗa.

Na Bisici: Ni tun ɗazu ina karantawa ban ce komai ba, don ba ni da boko mai zurfi. Amma ƙasar da yaron nan ya rubuta ai na san ta, a cikinta na yi ƙuruciya. Tun farkon shekarun 1900 Turawa suka fara haƙar kuza a tudun nan, suka tafi suka bar mana tsibin ƙasa da kududdufai daga Rayfield har Barikin Ladi. Ni kaina na yi loto shekara tara, ana zura ni rami da igiya. Ƙasar da aka wanke kuza daga cikinta ba ta da rai, farin yashi ne da jan laka, in ruwa ya sauka ya wuce kamar an zuba a kwano. An dasa itacen turare a wasu wuraren, ya kama kam, amma je ka duba ƙarƙashinsa, ba abin kirki da ke fitowa.

Tambayata ita ce, ka ce baƙin ƙarfe ne ya kashe ƙasar. To ita sarmada da take zaune a kai, me take yi da ƙarfen? Tana guje masa ne ko tana sha?

Ɗan Gangare: Kawu, akwai tsiron da ke shan ƙarfe ne?

Malamin Daji: Akwai. A tsibirin Sabuwar Kaledoniya, gabas da Ostireliya, akwai bishiyar da in ka tsaga ɓawonta ruwan da ke fita shuɗi-shuɗi ne mai ratsin kore, saboda ƙarfen nikel da ta tara. In aka busar da ruwan, wajen kashi ɗaya cikin huɗu nikel ne. Abin da ke kashe sauran itatuwa ita ta mayar da shi kayan jikinta, ana kuma ganin yana kare ta daga ƙwari. A yankin tagulla na Zambiya da Kwango akwai wani fure da masu neman ma'adini suka daɗe suna bi, don inda ya yi yawa akwai tagulla a ƙasa.

Na Bisici: To shi ke nan, an gama! Malam ka san abin da ka faɗa kuwa? Da a ce akwai ciyawar da ke nuna inda kuza take, wallahi da ba mu bar ko ɗaya a tsaye ba. Mu da muke haƙa rami goma a banza kafin mu dace da ɗaya? Wanda ya gan ta ba zai faɗa wa ko ƙaninsa ba, da dare zai je ya tumɓuke ta don kada wani ya gani, sannan ya kafa rami a wurin. Yaro, ga abin da ke kashe tsironka nan. Ba wuta ba, ba fari ba. Duk inda ta fito an san akwai dukiya a ƙarƙashinta.

Kwandasta: Wato ita ta jure shekara dubu, mu kuma mu gama da ita kafin sallar azahar. Wannan kam mu ne, ba a canza mana hali ko a almara ba.

Na Damagaram: Maganar Kwandasta wasa ce amma ta faru a ƙasarmu. A da, a saharar Tenere akwai wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tilo, ba wata a kusa ko ta wace fuska. Ayarin gishiri masu zuwa Bilma daga Agadas da ita suke gane hanya, kuma ba mai karya reshenta ko don dafa shayi. Da aka haƙa rijiya a gefenta an tarar saiwarta ta nutsa fiye da mita 30. Rana ba ta kashe ta ba, raƙuma ba su cinye ta ba. A 1973 mota ta banke ta. A duk faɗin saharar nan, direba bai sami abin karo ba sai ita. Gangar jikinta na gidan tarihi na Yamai yanzu, a wurinta kuma an kafa ta ƙarfe.

Sai abu na biyu. Ɗan'uwa, mutanenka me suke ci shekara bakwai? In sarmada ce kaɗai mai rai, dole ita ce tuwonsu. Mu muna da anza. In shekara ta yi kyau ba mai kallon ta. In yunwa ta zo, kamar 2005, mata su fita su tsinko 'ya'yanta, ɗaci kamar maɗaciya, sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani kafin a iya dafawa. Wanda yunwa ta hana shi jira ya ci da wuri, cikinsa ya gaya masa. Yanzu kai a ƙasar da babu ruwa, da me za su jiƙa? Ka ga wanda ke da rijiya shi ne sarki.

Ɗan Gangare: Ina rubutawa a takarda, hannuna har ya gaji. Na zo da tsiro an ba ni siyasar ƙasa gaba ɗaya.

Maman Tagwaye: Saura suna. Sarmada sunan fada ne, sunan malamai da masu rawani. Matar da ta kwana tana jiƙa abu mai ɗaci ba za ta kira shi da Larabci ba. Dubi yadda muke raɗa wa tsirrai suna: bi-ni-da-zugu, wato in ka ci ni a biyo ka da likkafani. Rai-ɗore. Nonon kurciya. Kowanne ka ji shi ka san wani ya taɓa shan wuya ko ya sami sauƙi a wurin. Ka bar sarmada a bakin sarakuna, talakawa su sami nasu.

Kwandasta: Ƙi-mutu.

Na Bisici: Mahaƙa dai tona-asiri za su ce mata.

Maman Tagwaye: Mata kuma su ce uwar-ɗaci. Ba a son ta, ba a iya rabuwa da ita.

'Yar Rikkos: An kawo wuta, na dawo, na karanta duka. Na sallama cewa labarin ya fi ɗazu nauyi. Amma ga sauran maganata. Kun ba ta abinci, kun ba ta dafi, kun ba ta makashi, kun ba ta suna uku. Yanzu duk abin da take yi Baba Malam zai iya tsayawa gaban allo ya bayyana shi. To me ya sa ba zai rubuta labarin anza a Damagaram kawai ba? Me ya kai shi Doron Toka? Dole a bar mata abu ɗaya da ba wanda ya san dalilinsa, ko masanan cikin labarin, ko shi marubucin. Abin da zai sa in ajiye waya da dare in ji gabana na faɗuwa.

Malamin Daji: Nan kam kin kayar da ni, 'yata. Na saba da allo har na manta dalilin da ya sa muke zama gindin kaka da dare. A bar mata ɗaya. Amma ɗaya fa.

Alaramma: Ni ma ina bayan yarinyar nan.

Ɗan Gangare: To ga abin da na kwana a kai, a sake dubawa:

"Mutanen Doron Toka suna cewa sarmada ba ta mutuwa. A fada ake kiran ta haka. A bakin ramuka tona-asiri ce, a madafa uwar-ɗaci. Shekara shida tana nannaɗe kamar tsohuwar tabarma, launin toka, in ka taka ta sai ta yi ƙara. Wanda ya tsaga ta zai ga baƙin ruwa mai nauyi, in ya taɓa fata tabon ba ya gogewa, shi ya sa ake gane matan talakawa da hannuwansu. Tana ƙara faɗin yatsa ɗaya duk ruwa, don haka wadda ta kai faifai ta girmi garin. Sarki na uku ya sa an dasa ta a lambunsa ana yi mata ban ruwa safe da yamma, ta ruɓe cikin kwana tara, aka binne mai lambun tare da ita don kada zance ya fita. Kuma daren da ya rage kwana ɗaya ruwa ya sauka, ko da babu gajimare ko ɗaya a sama, duk sarmadar ƙasar sai ta warware lokaci guda, ta juya fuskarta ba gabas ba, ba inda hadari zai taso ba, sai wajen wani gida guda a cikin gari."

'Yar Rikkos: Wane gida?! Yaya kada ka yi min haka.

Ɗan Gangare: Ni ma ban sani ba tukuna.

Na Bisici: Baƙin tabon hannu ya yi. Mu ma da an ga ƙafafunmu an san 'yan loto ne.

Malamin Daji: Ruɓewar lambu daidai ne, haka ƙerana ke yi in ruwa ya kwanta mata a gindi. Amma har yanzu ba ka ce min yadda take haihuwa ba. Ka duba ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta: ƙwayarsa kamar ƙura, tana iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma ba ta tsiro ba sai ta ji saiwar dawa ko gero kusa da ita. Ka yi tunanin abin da ƙwayar sarmada ke jira ta ji.

Kwandasta: In dai gidan da take juyawa na mai bin bashi ne, to gidan mai gidan hayarmu ne, na riga na faɗa muku.

Maman Tagwaye: Ɗan Gangare, ranar Asabar zan je Bukur gaisuwa. Zan sa a saro maka reshen ƙerana in bar maka a shagon ƙanena da ke Taminus, ka ɗora a kan kwanon ɗakinku ka riƙa dubawa kana rubutu. Ka zo da tsumma mai kauri ka naɗe shi, kuma kada ka sosa ido kafin ka wanke hannu.